Ɗan Mowa da Ɗan Bora: Yadda Aka Sayar da Atlanta, Aka Sake Zana Taswirar Gasar Hoki

Ranar 31 ga Mayu, 2011, aka sanar a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada cewa kamfanin True North, na Mark Chipman da attajirin nan David Thomson, ya sayi ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Atlanta Thrashers, kuma zai ɗauke ta daga jihar Georgia ta Amurka ya kai ta lardin Manitoba. An yi cinikin a kan dala miliyan 170. Miliyan 110 ne kaɗai suka shiga hannun masu sayarwa. Sauran miliyan 60 kuɗin ƙaura ne, suka faɗa asusun hukumar gasar NHL, wato aljihun masu sauran ƙungiyoyi. Bayanin da ya bazu a lokacin, wanda har yau ake maimaitawa, shi ne cewa mutanen Atlanta ba sa son hoki, sun ƙi cika kujeru, don haka kasuwa ta yanke musu hukunci. Wannan bayani yana da daɗin faɗa, amma ba ya jure bincike. Hukumar gasar ce ta zaɓi garin da za ta ceta da wanda za ta sallama, kuma sabon tsarin rukunoni da ya biyo baya ya nuna wa ake yi wa aiki.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa na Turai sai ya fara ajiye abin da ya sani. A Ingila, ƙungiyar da aka tafiyar da ita da sakaci takan faɗa ƙaramar gasa, mai ita ya yi asara, amma ta zauna a garinta. Da aka yarda ƙungiyar Wimbledon ta koma Milton Keynes a 2002, abin ya zama abin kunya na ƙasa, magoya baya suka kafa AFC Wimbledon tun daga tushe. A NHL babu faɗuwa, babu hawa. Gasar rufaffiyar da'ira ce ta attajirai, kowanne yana riƙe da lasisin wani yanki, kuma kwamishina, wanda tun watan Fabrairun 1993 Gary Bettman ne, ma'aikacinsu ne, su suka ɗauke shi. Idan mai ƙungiya ya lalata ta, ba a hukunta shi da koma baya. Yakan sayar, a ɗauke ƙungiyar, hukuncin ya sauka a kan garin. Haka Minnesota ta rasa tata a 1993, Quebec a 1995, Winnipeg kanta a 1996, Hartford a 1997.

To me aka ba mutanen Atlanta su kalla? Thrashers ta fara wasa a 1999, ta buga kaka goma sha ɗaya. A cikinsu sau ɗaya tak ta kai zagayen fitar da gwani na Kofin Stanley, a 2007, inda New York Rangers ta doke ta wasa huɗu a jere. Ma'ana ƙungiyar ta zo ta tafi ba ta ci ko wasa ɗaya a wannan mataki ba. Fitattun 'yan wasanta kuwa ɗaya bayan ɗaya aka rabu da su: Marian Hossa a 2008, Ilya Kovalchuk a 2010. Masu ƙungiyar, gungun da ake kira Atlanta Spirit, sun saye ta ne a 2004 haɗe da ƙungiyar ƙwallon kwando ta Hawks da zauren wasa na Philips, kuma daga 2005 zuwa 2010 suna kotu da ɗaya daga cikinsu, Steve Belkin, kan wa ke da ikon me. A farkon 2011, cikin wata ƙara da suka shigar a kan lauyoyinsu, su da kansu suka bayyana cewa tun 2005 suke neman hanyar rabuwa da ƙungiyar hokin. Shekara shida ana sayar wa jama'a tikiti, alhali masu shagon sun daɗe da ɗaure kayansu. Duk da haka, a kakar ƙarshe, kimanin mutum 13,500 ke zuwa kowane wasa. Ba adadi ne na alfahari ba. Amma akwai ƙungiyoyi biyu da suka gaza shi a wannan kakar, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce Phoenix Coyotes, mai 'yan kallo kimanin 12,200.

A nan labarin kasuwa yake rushewa. Coyotes ita ce tsohuwar ƙungiyar Winnipeg da aka kai hamadar Arizona a 1996. A 2009 mai ita, Jerry Moyes, ya kai ta kotun karayar arziki, ya shirya sayar da ita ga Jim Balsillie, ɗaya daga shugabannin kamfanin da ke ƙera wayar BlackBerry, wanda ya so kai ta birnin Hamilton a Kanada kuma ya yi tayin fiye da dala miliyan 200. Da kasuwa ce ke mulki, da ciniki ya faɗa. Sai hukumar NHL ta yaƙi cinikin a kotu, ta yi nasara, ta sayi ƙungiyar da kuɗinta a kan dala miliyan 140, ta riƙe ta har shekara huɗu. Ba ta ɗauki asarar ita kaɗai ba. Garin Glendale, wanda ya riga ya zuba kimanin dala miliyan 180 na kuɗin jama'a wajen gina zauren wasan, ya amince ya biya hukumar har miliyan 25 don cike giɓin kaka guda, sannan a watan Mayun 2011 majalisar garin ta sake amincewa da wasu miliyan 25 ɗin. Ƙungiyar da True North ta fara sa wa ido ita ce Coyotes. Da Glendale ta buɗe baitulmalinta, ƙofar nan ta rufu, kuma cikin makonni uku aka miƙa Thrashers a madadinta.

Bambancin garuruwan biyu ba a son wasa yake ba. Ɗaya yana da majalisar da ta yarda ta biya, ɗaya ba shi da ita. A Phoenix, hukumar ta zama mai ƙungiya, ta jira mai saye shekara da shekaru. A Atlanta, inda mazauna birnin da kewayensa suka haura miliyan biyar, ba ta yi tayin riƙon ƙwarya ko na kaka ɗaya ba. Masu kare ta suna da hujja guda mai nauyi, cewa a lokacin zauren Philips yana hannun Atlanta Spirit, kuma babu mai sayen ƙungiyar da zai zama ɗan haya a gidan mutanen da ba sa son ganinta. Gaskiya ne. Sai dai wace hukuma ce ta tantance waɗannan mutane ta amince musu a 2004, ta kuma zuba ido shekara biyar suna shari'a da juna? Ita ce dai ta zo daga baya ta karɓi miliyan 60. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Babu mai hankalin da zai yi wa Winnipeg hassada. An raba ta da ƙungiyarta a 1996, lokacin da dalar Kanada ta yi rauni ƙwarai kuma zaurenta ya tsufa, kuma da aka buɗe sayar da tikitin kaka ga jama'a a watan Yunin 2011, cikin minti goma sha bakwai aka cike adadin 13,000 da aka nema. Abin lura kawai shi ne cewa zaurenta na MTS, mai kujeru 15,004, shi ne mafi ƙanƙanta a gasar a lokacin, kuma a ranar bikin ma Bettman ya gargaɗe su cewa sai sun cika shi kowane dare abin zai ɗore. An ba su kyauta da sanda a ɗaya hannun.

Daga nan sai batun taswira. An yi cinikin a makare, don haka sabuwar Winnipeg Jets ta gaji kujerar Atlanta a rukunin Kudu maso Gabas, tare da Washington, Carolina, Tampa Bay da Florida. Garin da sanyinsa kan sauka ƙasa da sifili da digiri talatin ya wayi gari abokan hamayyarsa na rukuni suna wuraren da ke nesa da shi kusan kilomita 2,000 zuwa 3,000. An ce na kaka ɗaya ne. A watan Disambar 2011 majalisar masu ƙungiyoyi ta amince da tsarin shiyyoyi huɗu, biyu masu ƙungiya takwas, biyu masu bakwai, ba tare da ta gama magana da 'yan wasa ba. A Janairun 2012 ƙungiyar 'yan wasan, ƙarƙashin Donald Fehr, ta ƙi sa hannu, bisa dalilin yawan tafiye-tafiye da rashin daidaiton damar shiga zagayen fitar da gwani. Tsarin ya mutu. Kaka ta gaba kuma masu ƙungiyoyi suka rufe wa 'yan wasa ƙofa kan rabon kuɗin shiga, aka rage wasanni zuwa 48, kowace ƙungiya tana buga wasa da 'yan shiyyarta kaɗai. Sakamakon haka Winnipeg, wadda har lokacin ake lissafa ta a Gabas, ta gama kaka ba ta kara da Calgary ko Edmonton ko Vancouver ba, balle Minnesota, maƙwabciyarta mafi kusa.

Tsarin da aka amince da shi a watan Maris na 2013 ya mayar da rukunoni shida zuwa huɗu. Winnipeg ta koma Yamma, abin da ake buƙata tun farko ke nan. Amma don gyara matsayin ƙungiya ɗaya sai aka ɗauke biyu, Detroit da Columbus, aka kai su Gabas. Ƙorafin Detroit na gaske ne: garin yana kan agogon gabas, kuma magoya bayansa sun gaji da wasannin California da ke farawa ƙarfe goma da rabi na dare. Dallas ma ta samu sauƙi da aka fitar da ita daga rukunin gabar Pacific. Waɗannan gyare-gyare ne masu ma'ana. Farashinsu kuwa, wasu suka biya. Gabar Detroit da Chicago, wadda ta faro tun 1926, ta ragu daga karawa shida a kaka zuwa biyu. Ƙungiyoyin Florida biyu an jefa su rukunin da ya ƙunshi Montreal, Toronto, Ottawa, Boston, Buffalo da Detroit, ta yadda jirginsu sai ya tsallake kan wani rukuni sukutum kafin ya isa ga abokan rukuninsu. Ilimin taswira ba ya bayyana wannan. Abin da ke bayyana shi shi ne dubban 'yan Kanada da ke gudun sanyi zuwa Florida kowane hunturu, waɗanda za su sayi tikiti idan Montreal ko Toronto ta zo gari.

Mafi muni shi ne lissafin. Gabas ta samu ƙungiya 16, Yamma 14, kuma kowacce na tura takwas zuwa zagayen fitar da gwani. A Gabas rabi ne ke wucewa. A Yamma kashi 57 cikin ɗari. Irin rashin adalcin da 'yan wasa suka ƙi a 2012 ne aka dawo da shi cikin sabuwar riga. An kuma ɗaura sabon tsarin fitar da gwani da ke tilasta wa ƙungiyoyin rukuni ɗaya su fara cinye junansu. A 2017 Washington da Pittsburgh ne suka fi kowa maki a gasar gaba ɗaya, amma suka haɗu tun zagaye na biyu, yayin da Columbus, ta huɗu a yawan maki, ta faɗa hannun Pittsburgh a zagayen farko. Hukumar na kiran wannan raya gaba tsakanin maƙwabta. A aikace, horo ne ga wanda ya yi ƙoƙari wata shida.

Kujeru biyun da suka rage babu kowa a Yamma ba su daɗe a haka ba. Ko da niyya aka bar su, ko dace aka yi, sun zama haja mafi tsada da gasar ta taɓa sayarwa. Las Vegas ta biya dala miliyan 500 ta shigo a 2017, Seattle ta biya miliyan 650 ta shigo a 2021. Dala biliyan ɗaya da miliyan 150 ke nan, kuma kuɗin shigar sabuwar ƙungiya ba ya cikin abin da ake rabawa da 'yan wasa. Shekara huɗu Gabas ta yi tana fama da cunkoson 16 a kan 14, wasu huɗu kuma 16 a kan 15, kafin a daidaita ma'aunin, kuma ba a daidaita shi ba sai da aka samu mai biya.

Ɗan mowar fa? Glendale ta gaji, ta ƙi sabunta yarjejeniyar haya bayan kakar 2022. Coyotes ta koma zauren Mullett na Jami'ar Jihar Arizona, mai ɗaukar mutum ƙasa da 5,000, kuma hukumar da ta ce 13,500 na Atlanta ba su isa ba ta yarda da hakan har kaka biyu. A watan Mayun 2023 masu zaɓe a garin Tempe suka ƙi amincewa da shirin gina sabon zaure. A Afrilun 2024 aka miƙa 'yan wasan da ma'aikatan ga Ryan Smith na Salt Lake City a jihar Utah, kan dala biliyan 1.2. Biliyan ɗaya ta tafi ga Alex Meruelo, mutumin da a hannunsa ƙungiyar ta zama marar gida. Miliyan 200 aka raba wa masu sauran ƙungiyoyi. Wannan karon ba a taɓa taswira ba, domin tun 2021 aka matsar da Arizona zuwa rukunin Tsakiya don buɗe wa Seattle wuri, sai Utah ta zauna a kujerar da ta tarar.

A Winnipeg kuma, masu tikitin kaka sun ragu daga 13,000 zuwa ƙasa da 10,000, har Chipman ya fito a farkon 2024 yana cewa abin ba zai ɗore a haka ba, Bettman ya tako garin da kansa don ganawa da magoya baya da 'yan kasuwa. A daidai wannan lokaci, a unguwannin arewacin Atlanta, a gundumar Forsyth da garin Alpharetta, gungun masu zuba jari biyu ke gogayya kan wanda zai gina zaure ya nemi lasisin sabuwar ƙungiya daga hukumar, a birnin da ya rasa Flames a 1980, ya rasa Thrashers a 2011, aka kuma ce mutanensa ba sa son hoki.