Iya ruwan bara ba ya fid da yaro bana

A ƙasashen da ke bakin teku akwai masu nutso da tukunyar iska a baya, waɗanda ke sauka mita 18 ko fiye a ƙarƙashin ruwa. Ba a barin mutum ya fara sai ya yi horo ya karɓi takardar shaida. Duk da haka, ƙungiyoyin da ke ba da wannan takarda, irin su PADI, suna shawartar duk wanda ya yi wata shida zuwa shekara bai shiga ruwa ba ya koma bita kafin ya sake tunkarar teku. Sai a mai da shi ruwa maras zurfi kamar sabon shiga. Ya harhaɗa kayansa da hannunsa, ya fitar da ruwan da ya shiga tabaraunsa alhali yana nitse, ya maimaita alamun hannu da abokin tafiyarsa. A kuma tuna masa babbar doka: kada ya riƙe numfashi yana hawowa, don iskar da ya shaƙa a zurfin mita 10 tana ninka girmanta kafin ya iso sama, tana iya fasa masa huhu. Ya san wannan tun da can. Ana maimaita masa ne don an gane cewa kai yana riƙe labarin abu bayan jiki ya daɗe da sakinsa.

To ku kwatanta da yaranmu na Tawa. Daga Oktoba har Yuni, yawancinsu ba su ga ruwan da ya kai musu gwiwa ba, in ka cire na Tabalak da makamantansu da ke da tabki a ƙofar gida. Wata takwas ke nan. Ranar da aka yi mamakon farko tabkuna suka kawo, yaro zai tuɓe riga ya faɗa, yana cewa ai bara ya iya. Babu takarda, babu bita, babu mai tsaya masa.

Kuma tabkin da ya sani bara ba shi ne na bana ba. Wannan shi ne abin da iyaye suka fi mantawa. Da rani masu bugun tubali sun haƙe cikinsa, inda bara ruwa ke tsayawa a ƙugu bana rami ne da ya fi tsawon namiji. Ruwan ja ne, ba a ganin ƙasansa. Laka na kama ƙafa. A wajajen Keita da Majiya kuwa, korama na iya zuwa da ƙarfinta saboda ruwan da aka yi can kan tudu, alhali inda yaran ke wasa ko yayyafi ba a yi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don faɗakarwa kan haka. Amma a nan ranar tana faɗowa ne tsakiyar babban hutu, lakwal a kulle, malamai sun watse, yara suna gona ko bayan awaki.

Shi ya sa nake ganin makon ƙarshe kafin hutu ya kamata ya zama na bitar ruwa. Kowa ya san yadda wannan mako ke wucewa: an gama jarabawa, ana jiran sakamako, yara na ta tsalle a fili. A makarantar horon malamai an koya mana kada mu ɗora sabon darasi sai mun bi ta kan na jiya. Muna yi wa lissafi haka kullum safiya, alhali wanda ya manta lissafi maki kawai zai rasa.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: a hana su zuwa kawai. An daɗe ana hanawa, har da bulala. Yaron da aka aika shayar da dabbobi ko wanki dole ya je bakin ruwa, wanda aka hana kuma yakan je a ɓoye, shi kaɗai, a lokacin da babu babba kusa. Hanin ya raba shi da mai cetonsa ke nan.

Wasu kuma za su ce malaman ma da yawa ba su iya ruwa ba. Gaskiya ne, amma rabin bitar a tudu ake yin ta. A fili za a nuna wa yaro yadda zai auna zurfi da sanda kafin ya taka, a sa shi ya zaɓi abokin da ba za su rabu ba, kamar yadda masu nutson teku ke tafiya biyu-biyu. Abin da ya fi kamata a nanata shi ne ceto. Sau nawa muka ji gida ɗaya ya rasa yara biyu, ƙane ya nitse, wa ya bi shi? Wanda ke nitsewa yana ƙanƙame duk abin da ya taɓa. A koya musu su kwanta a gaɓa su miƙa sanda ko zane, su jefa jarkar lita 20 da aka rufe bakinta, su yi kururuwa. Jarkar nan tana kowane gida, kuma tana iya riƙe mutum a saman ruwa.

Sauran rabin na cikin ruwa ne, shi kuma aikin iyaye da masu unguwa ne idan damina ta sauka. A Bangaladash ana kafa shingen gora a gefen tabkin ƙauye, mutumin garin da aka horar yana koya wa yara iyo a ciki. Mu nan muna da masunta a Tabalak, muna da ƴan kwana-kwana a cikin gari. Kwamitin iyayen yara na kowace lakwal zai iya aika musu takarda tun watan Mayu, a tsai da rana, a kuma nemi masu tubali su zo su nuna inda suka haƙa.