Wa ya raɗa wa matafiyi suna? Ra'ayi a kan fim ɗin The Sundowners

Hausawa sun ce suna linzami ne. Mai nazarin harshe kuwa ba ya tsayawa ga sunan kaɗai, sai ya tambayi wanda ya raɗa shi, da wanda aka raɗa wa, da kuma wanda nauyinsa ya hau kansa. Akwai wani tsohon fim da ya dace mu auna wannan magana da shi, wato The Sundowners, wanda Fred Zinnemann ya ba da umarni, ya fito a shekarar 1960. An gina shi a kan littafin marubucin Ostareliya Jon Cleary na 1952. Masu yabon fim ɗin sukan ɗauke shi a matsayin kirari ga ƴancin matafiyi. Ni kuwa ina ganin darajarsa tana ga yadda ya nuna cewa wannan ƴanci mutum ɗaya ne ya zaɓe shi a cikin gida, mutum uku suka ɗauki wahalarsa.

Labarin ya faru ne a ƙauyukan Ostareliya cikin shekarun 1920. Paddy Carmody, wanda Robert Mitchum ya fito a matsayinsa, mai koran tumaki ne: ana ba shi garke ya kai kasuwa mai nisa a biya shi lada. Matarsa Ida, wato Deborah Kerr, da ɗansu Sean suna biye da shi a keken doki, suna kwana a tanti. A farkon fim sun karɓi aikin kai garke garin Cawndilla, suka ɗauki wani Bature ɗan Ingila mai suna Rupert Venneker, wato Peter Ustinov, ya taimake su, gobarar daji ta kusa cinye su a hanya. Daga nan Ida ta lallashi mijinta suka tsaya a wani babban gidan kiwo lokacin askin tumaki. Paddy yana aski, Ida tana dafa wa ma'aikata abinci, Sean yana shafa kwalta a inda almakashi ya yanki dabba. Burin Ida ɗaya ne: a tara abin da zai isa kuɗin kafin alƙalami na wata ƴar gona, ta samu ɗaki mai rufi da murhu na dindindin, yaron kuma ya samu wurin zama.

Yanzu mu duba sunan. Harɗaɗɗiyar kalma ce ta Ingilishi mai sassa uku: na farko yana nufin rana, na biyu faɗuwa, na uku kuma ɗafa-ƙeya ne da ke nuna mutum. A bakin masu gidajen kiwo na Ostareliya, kalmar zagi ce. Suna kiran mai yawon da ke isowa gidansu daidai faɗuwar rana da ita, wai ya zo neman aiki, alhali ya san lokacin aiki ya wuce, sai dai a ba shi abinci da makwanci. Kusan abin da muke nufi ke nan da ci-ma-zaune, sai dai wannan a tafe yake ci. A cikin fim ɗin kuwa an sauya mata ma'ana, ta koma mutumin da gidansa yake duk inda rana ta faɗi masa. Wannan abu ne sananne a ilimin ma'ana: waɗanda aka jefa da suna don ƙasƙanci sukan karɓe shi su mayar da shi abin alfahari. Har dokin sukuwar da Paddy ya ci a caca wannan suna aka sa masa.

To amma ma'ana ta biyun ma ba ɗaya take ba a bakin kowa. A wurin Paddy, gida a duk inda rana ta faɗi yana nufin babu maigida a kansa, babu bashin banki, babu shinge. A wurin Ida, wannan jimla tana nufin babu gida ko kaɗan. Zinnemann ya nuna haka a wani ɗan gajeren wuri da ba a furta kalma ko ɗaya ba. Ida tana zaune a tashar jirgin ƙasa, ƙura ta rufe ta, sai ta hangi wata mata ta tagar jirgi cikin ado tana gyara fuska. Suka dubi juna, jirgi ya tashi, hawaye suka zubo wa Ida. Duk wanda ya karanci walwalar harshe ya san cewa shiru ma magana ce, kuma wannan shiru ya fi duk barkwancin da maza suka yi a fim ɗin nauyi. Ba mamaki Deborah Kerr ta shiga takarar kyautar Oska a kan wannan rawa. Fim ɗin ya shiga takara a rukuni 5, bai kuwa ci ko ɗaya ba.

Ƙarshen labarin ya ƙara fito da abin fili. Bayan an tara kuɗin da wahala, Paddy ya sha ya yi caca ya ɓatar da su a dare ɗaya. Don ya gyara ɓarnarsa, ya yarda ya sayar da dokin in ya ci sukuwa ta gaba. Dokin ya zo na ɗaya, Sean a kansa, amma alƙalai suka soke nasarar saboda ya tare wa wani hanya, ciniki ya watse. Miji da mata suka shirya, suka sake hawa hanya da alkawarin za su sayi gona wata rana. Mai kallo yana fita da murmushi, domin an nuna masa soyayya ta yi nasara. Amma idan ya yi lissafi, zai ga Paddy ya koma rayuwar da yake so, Ida kuwa ta koma tanti da alkawari a hannu.

In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Mai kare Paddy yana da hujja. Ƙaramar gona a busasshiyar ƙasa ba aljanna ba ce. Fari ɗaya ya isa ya mayar da mai ita bawan bashi. Fim ɗin da kansa ya nuna mana Jean Halstead, matar mai gidan kiwon, wadda ke da rufi da dukiya amma kaɗaici ya dame ta. Kuma ba a nuna Paddy a matsayin mugu ba: yana son iyalinsa, yana aiki tuƙuru. Duk wannan gaskiya ne. Abin da hujjar ba ta amsa ba shi ne wa aka shawarta. Paddy yana da damar ƙin zama wuri ɗaya, Ida ba ta da damar ƙin tafiya. Kuɗin da aka ɓatar a caca har da gumin girkinta a ciki.

Fim ɗin yana da nasa giɓin ta fuskar murya. Mitchum Ba'amurke ne, Kerr ƴar Sikotilan ce, dukansu koyon lafazin Ostareliya suka yi, ƴan wasan ƙasar kamar Chips Rafferty da John Meillon kuwa ƙananan matsayi aka ba su. Labarin kuma na fararen fata ne, alhali ƴan asalin ƙasar sun daɗe suna aikin kiwo a irin waɗannan gidaje a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Shekara 6 bayan fitowar fim ɗin, a 1966, ma'aikatan ƙabilar Gurindji ƙarƙashin jagorancin Vincent Lingiari suka yi watsi da aiki a gidan kiwon Wave Hill, suna neman haƙƙinsu da ƙasarsu. Ashe akwai waɗanda ko sunan zagin ma bai ambace su ba.

Me ya sa wannan ya shafe mu a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai? Domin muna da namu kalmomin tafiya neman abinci, kuma su ma kowace tana da bakin da ta fito. Ci-rani harɗaɗɗen suna ne na aikatau da suna, kuma daga gida yake duban matafiyi: ya je ya cinye rani a wani wuri don rumbu ya kai damina, zai kuma dawo. Wanda ya ce ya tafi biɗa kuwa abin da ake nema ya sa a gaba. Kalmar Faransanci da takardun gwamnati ke amfani da ita, wadda muke furtawa egzod, daga ofis take duban abin, kamar ƙauye ne ke zubewa. Silimar ƙasarmu ma ta taɓa wannan batu tun da wuri: fim ɗin Jaguar na Jean Rouch ya bi samari uku daga Nijar zuwa ƙasar Gana ta yau, Moi, un noir na 1958 kuma ya nuna Oumarou Ganda cikin ƴan ci-ranin Abijan. A duka biyun, maza matafiya ne ke riƙe da magana.

Saboda haka ina kira ga ƴan uwana ɗalibai masu shirin fita binciken fili, da malamanmu masu duba aikinsu. Idan za mu tattara kalmomin ci-rani, kada mu tsaya a tasha da majalisar maza. Mu shiga cikin gida da izini, mu ji yadda matar da aka bari da yara take kiran wannan tafiya, da yadda wadda ta bi miji take kiranta, da abin da yaron da aka cire daga makaranta yake cewa. Mu rubuta kowace ma'ana tare da mai faɗarta, da shekarunsa, da matsayinsa a gida. Ƙamus ɗin da ya kawo ma'anar Paddy kaɗai rabin aiki ya yi, kuma Zinnemann ya riga ya nuna mana tun 1960 inda sauran rabin yake.