FILIN MANOMA: Noman naman kaza cikin ɗaki

Naman kaza ba naman kazar gida ba ne. Shi ne tsiron nan mai kamar laima da ke fitowa bayan ruwan sama. Wasu suna ce da shi laimar kwaɗi. Akwai na ci, akwai mai kisa.

Wanda ke fitowa bisa shuri da damana na ci ne, amma ba ya nomuwa, don gara ce ke renonsa. Wanda ake nomawa a gida wani iri ne mai faɗin kunne, fari ko toka-toka. Ƙasar Sin ta fi kowace ƙasa noman naman kaza. A Gana ma ana nomansa bisa garin katako. Ba ya son gona, ba ya son rana. Abincinsa busasshen kara.

Abin da ake bukata

Karan hatsi ko na dawa ko haukin shinkafa, tano, leda mai tsabta, da iri. Irin ba ƙwaya ba ne kamar na wake. Farar saƙa ce da masana suke renonta bisa dafaffiyar dawa cikin kwalba. Manomi ba ya iya yin ta da kansa. Sai ya tambayi malamin gona inda ake samu. Kada ya sayi komi sai iri ya zo hannu.

Yadda ake yi

1. A daddatse kara kamar tsawon yatsa. A jiƙa shi kwana guda.
2. A zuba shi cikin tano mai ruwan zafi, wanda hannu ba ya jurewa amma bai tafasa ba. A bar shi awa 1. Zafin ne ke kashe funfunar da ke cikin kara.
3. A tsane shi bisa tabarma mai tsabta har ya huce sarai. Kara mai zafi yana kashe iri. In an matsa a hannu, ɗigo ɗaya ko biyu kaɗai za su fito.
4. A wanke hannu da sabulu. A zuba kara cikin leda, a barbaɗa iri, a ƙara kara, a ƙara iri, har ta cika. Jiƙaƙƙen kara kilo 10 yana cin iri rabin kilo.
5. A ɗaure bakin leda, a huhhuda ta kaɗan don iska. A ajiye cikin duhu sati 2 zuwa 3, har ciki ya yi fari fat.
6. A tsaga leda wuri 4 ko 5. A bar ɗan haske da iska su shigo. A riƙa yayyafa ruwa safe, rana da marece.

Cikin mako guda za a tsinka. Leda guda tana ba da yabanya sau 2 ko 3. In kore ko baƙi ya bayyana cikinta, ta lalace. A fitar da ita nesa da sauran.

Lokaci

Naman kaza yana son sanyi da laima. Zafin bazara na Maraɗi, Damagaram da Tawa yana kashe shi. Iskar hunturu kuma tana busar da shi. Damana ta fi. Ɗakin ƙasa mai rufin haki ya fi na kwano. A jiƙa daɓe, a rataya jiƙaƙƙen buhu a ƙofa.

Amfani

Ana sa shi cikin miya kamar nama, yana kuma gina jiki. Ba a cin shi ɗanye. Ba ya wuce kwana 2 ko 3, sai a shanya saura. Ragowar karan taki ne. Amma kara cimakar bisashe ce da rani. Mai dabbobi ya fara ware nasu. Mai son sayarwa ya nemi mai saye tun kafin ya jiƙa kara. A soma da leda 2 ko 3. Sannu ba ta hana zuwa.

Hattara

Na daji ba abin wasa ba ne. Mai guba yakan yi kama da na ci, kuma dafuwa ba ta kashe gubar. Wani ba ya nuna kansa sai bayan awa 6 ko fiye, alhali yana cin hanta. A hana yara tsinka. In wani ya ci, ya soma amai ko zawo, a kai shi likita nan take, tare da ragowar abin da ya ci. Ko ya ce ya ji sauƙi, a kai shi.