Rage Ƙibar Matasa a Demsawo: Fa'idodi da Illolin Sauya Cima

A wani gida da ke unguwar Demsawo a Jimeta, na taɓa ganin uwa tana dirzar wuyan 'yarta mai shekara 14 da soso, tana faɗa wai ƙazanta ce. Ba dauɗa ba ce. Baƙin da ke kwanciya a bayan wuyan yaro mai ƙiba sau da yawa alama ce ta cewa jiki ya fara ƙin sauraron insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya shigar da shi tsoka. Balaga ita kanta tana sa jiki ya yi wa insulin taurin kai, to balle a ɗora mata kitse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin ɗari na masu shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce kima, amma a 2022 sun kai kashi 20.

Babbar fa'idar sauya cima da motsa jiki tana fara bayyana ne a cikin jini, tun sikeli bai nuna komai ba. Tsokar da ke aiki tana zuƙar sukari ba sai an turo insulin mai yawa ba. Yaron da ke buga ƙwallo bayan la'asar, ko ya taka zuwa Islamiyya maimakon tare Keke Napep, jikinsa na samun sauƙi ko da wandonsa bai yi masa yawa ba tukuna. Minti 60 na motsa jiki a kullum Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Lemon kwalba na rabin lita kuwa yakan ɗauki sukari wajen giram 50, don haka barinsa kaɗai aiki ne babba. Abincin kirki kuma ba shi da nisa: ga wake, ga zogale, ga kifin Binuwai, duk a kasuwar Jimeta.

Barci ma magani ne. Matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10. Wanda ya raba dare yana latsa waya, sinadarin yunwa da ake kira girelin, wanda masana suka gano a Japan a 1999, yakan ƙaru a jikinsa, sai ya tashi yana neman indomi da burodi.

Illar tana zuwa ne idan aka yi gaggawa. Kitsen jiki yana fitar da wani sinadari, leftin, da aka gano a Amurka a 1994. Shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, a rage ci. Idan aka hana yaro abinci ya zube lokaci guda, leftin ya faɗi, girelin ya hau, jiki ya ɗauka fari aka shiga. Yunwa ta dame shi, ƙona abinci ya ragu, bayan 'yan watanni ƙibar ta dawo, wani lokaci har da ƙari. Sai a ce masa marar zuciya, alhali jininsa ne ke yaƙi da shi. Ga 'ya mace abin ya fi muni: jinin al'ada na iya rikicewa ko ya ɗauke, ƙarancin jini ya shigo, ƙashin da ke kan ginuwa ya rasa abin gini. Shayin rage ƙiba da ake talla a Facebook, da yawansa gudawa kawai yake sawa. Ruwa ne ke fita, kitsen na nan.

Akwai kuma zafin Yola. A watan Afrilu yakan haura maki 40, don haka kora yaro gudu da tsakar rana cuta ce. Gori ma haka. Yarinyar da ake kira buhu a gida ɓuya za ta yi ta ci a ɗaki.

A ganina fa'idar ta rinjayi illar nesa ba kusa ba, muddin sauyin na gida ne gaba ɗaya, a hankali, ba a ware wa mutum ɗaya kwano ba. Iyaye, idan kun ga baƙin wuya tare da yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ku ajiye soso, ku kai yaron Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama ko Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta a auna sukarinsa.