Leƙa Duniya: Gandun Dajin Da Aka Hana Mota, Aka Bar Keke Da Tumaki

A makon nan za mu nufi arewacin ƙasar Jamus, mu dubo wani gandun daji inda doka ta tsai da mota a bakin iyaka, ta bar wa mai keke hanya, sa'an nan ta ɗauki makiyayi aiki.

Sunan wurin Luneburga Haide, yana tsakanin biranen Hambug da Hanoba da Biremen. Abin da Jamusawa ke kira haide shi ne jigawa shimfiɗaɗɗiya wadda wani ɗan gajeren tsiro ya lulluɓe, tsayinsa da kyar yake wuce gwiwa. Mutanen wurin sukan ce daga 8 ga watan Agusta zuwa 9 ga Satumba ne yake fure, a lokacin nan sai ka ga ƙasa ta rine ta koma shunayya iyakar ganin ido. Faɗin yankin da aka keɓe ya kai murabba'in kilomita 234, fiye da rabinsa kurmi ne, saura kuwa jigawa da fadama da 'yan gonaki.

A tsakiyar gandun akwai wani ɗan ƙauye mai suna Wilsede. In ban da mazaunansa da ma'aikatan da ke da izini, ba mai zuwa can da mota. Baƙo, ko wane ne shi, sai ya aje motarsa a ɗaya daga cikin ƙauyukan gefe, kamar Undeloh mai nisan misalin kilomita 4, daga nan ya zaɓi ɗayan uku: ya taka da ƙafa, ko ya shiga keken doki, ko ya hau basukur. Kusa da ƙauyen akwai wani tudu mai tsayin mita 169, wanda duk da ƙanƙantarsa babu kamarsa a shimfiɗar arewa maso yammacin Jamus.

Wannan doka ita ta sa wurin ya dace da wani irin hawan keke da ya yi tashe a ƙasashen Turai da Amurka, watau hawan keken burji. Kekensa ya ɗauko siffa biyu ne. Kansa lanƙwasasshe ne irin na keken tsere, amma tayarsa mai kauri ce, faɗinta yakan kama daga milimita 38 zuwa 50, alhali ta keken kwalta ba ta cika wuce 30 ba. Mahayi yakan rage mata iska da gangan domin ta baje bisa ƙasa, ta haɗiye gargada maimakon ta riƙa tsalle a kan tsakuwa. Da yawa daga cikin tayoyin nan ba su da tib, sai wani ruwa mai danƙo da ake ɗurawa a ciki, wanda da ƙaya ta huda sai ya toshe ƙofar nan take, ba a nemi mai faci ba. A cikin shekarar 2006 mutum 34 kacal suka fita wata tseren burji ta mil 200 a jihar Kansas ta Amurka. Zuwa shekarar 2022 abin ya bunƙasa har hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasarta ta farko ta irin wannan hawa a ƙasar Italiya.

Wanda ya taɓa tuƙa Rale a hanyar ƙauye da rani ba zai ji baƙon abu a nan ba. Hanyoyin gandun wasu tsakuwa ne, wasu an jera musu duwatsu tun zamanin da, wasu kuwa rairayi ne mai kama taya. Dabarar dai guda ce: a sauko da giya tun kafin a shiga, a koma da nauyi baya, kada a daina juya feda, kada kuma a yi kokawa da kan keke. Bambancin kawai shi ne, abin da namu mutane ke yi don dole, su can sun mai da shi shaƙatawa.

To, amma abin da ya fi jan hankali shi ne asalin wannan jigawa. Mutum ne ya yi ta da hannunsa. A da can duk kurmi ne. Manoma suka yi ta sara, dabbobi suka yi ta cinye tofon, har itace ya kasa komawa. Bugu da ƙari, sukan kankare fatar ƙasa tare da tsironta su shimfiɗa wa tumaki a garke, in ta jiƙu da kashi su kwashe su kai gona a matsayin taki. Haka aka yi ta yi ɗaruruwan shekaru, ƙasa ta tsiyace, ba abin da ya iya zama a kanta sai wannan tsiro mai jure wahala. A ƙarni na 19 takin zamani ya shigo, ulu mai araha ya riƙa zuwa daga ƙasashen ƙetare, sai kiwon ya daina biya. Aka shiga nome jigawar, ana kuma dasa mata itatuwan katako, har ta tasam ma ƙarewa.

Wani limamin Kirista mai suna Wilhelm Bode shi ya fara tashi tsaye. A shekarar 1906 ya samo kuɗi aka sayi wani kwari mai suna Totengrund domin kada a yi gine-gine a cikinsa. A 1909 aka kafa ƙungiyar da har yau take kula da wurin, ta sayi tudun nan a 1910, hukuma kuma ta keɓe yankin a 1921. Duk da haka bai tsira daga wahala ba, domin tankokin yaƙin sojan Ingila sun yi shekaru suna atisaye a wani sashensa suna niƙe ƙasa, ba su bari ba sai a 1994.

Masu kula da gandun sun gane cewa in aka kewaye shi aka zura masa ido, to, cikin 'yan shekaru itatuwa za su mamaye shi, furen da ake tahowa kallo ya ɓace. Saboda haka ƙungiyar da kanta take riƙe da garkunan wasu tumaki masu ƙaho da baƙar fuska, ta kuma ɗauki makiyaya tana biyansu albashi. Rani da hunturu suna fita kiwo, suna datse tofon itace, suna aske tsiron ya sake sabon ganye. Inda tumaki suka kasa, sai a kawo inji ya kankare, ko a sa wuta da hunturu bisa tsari. Wani sabon ciwon kai kuma shi ne gishirin taki da iska ke kwasowa daga gonaki da hayaƙin motoci, wanda ke ƙarfafa ciyawa ta danne tsiron. Ga kuma kyarkeci da ya komo jihar, an ga garkensa na farko a 2012, dole makiyayi ya ƙara sa ido.

A nan ne haƙƙin mai keke ya haɗu da nauyin da ke wuyansa. Doka ta ce ba a sauka daga hanya. Dalili kuwa shi ne tsuntsayen wurin da dama a ƙasa suke ƙwai. Akwai wata baƙar kazar daji wadda ta kusa ƙarewa a shimfiɗar arewacin Jamus, akwai kuma yautai, wanda in sanyi ya matso yakan ƙetaro Sahara ya yi hunturu a nahiyarmu. Keke ba ya ƙara, yana kuma da sauri, don haka sai ya zo kan tsuntsuwa kafin ta ankara. In ta tashi a firgice ta bar ƙwai, hankaka na jira. Kare ma sai da igiya. Shan taba a daji da jigawa kuwa haramun ne a dokar jihar daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Oktoba. Ba su manta da gobarar watan Agusta na 1975 ba, wadda ta ci dubban kadada a kudancin yankin, ta kuma halaka 'yan kwana-kwana biyar a rana ɗaya.

A ganina dokar hana mota ta ɗore ne saboda kowa ya ga ribarsa a cikinta. Mai keken doki yana samun fasinja, mai masauki yana samun baƙi, mai zuma yana sayarwa, makiyayi yana da albashi. Mahayin keke shi ne ya zo daga baya, kuma in da kara a ƙasa, shi ya kamata ya fi kowa kiyayewa. Ran da mahaya suka fara yanke hanya ta cikin furanni, ko suna kutsa kai cikin garke, ran nan za a fara kiran a rufe musu ƙofa, wake ɗaya ya ɓata gari.

Mu ma a nan gida akwai abin dubawa. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, ga kuma gandayen daji da aka shata tun zamanin En'e, amma da yawansu sun zama kufai ko maɓoyar ɓarayi, domin mutanen kirki sun daina shiga. Ƙasarmu daban, tasu daban, abin da ya yi musu magani ba lallai ya yi mana ba. Sai dai ya kamata hukumomin gandun daji su lura da cewa can an san yawan dabbar da ke kiwo, an san wanda ke kora ta, an kuma shata wa kowa inda zai taka.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.