Kin Shirya Rabuwa da Man Bilicin Kuwa?

Zancenmu na wannan mako a kan man nan ne da ake shafawa don fata ta yi fari. Mai shafa shi ta riga kowa sanin illarsa, gama madubi ya nuna mata kumatu sun ƙone, gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi ƙirin. Da yawa cikin mayukan nan akwai zaiba mai lalata ƙoda, ko sitiroyid mai cinye kaurin fata har rauni ya ƙi warkewa da wuri. Shi ya sa a 2023 hukumar NAFDAC ta ce al'amarin ya zama na gaggawa a Nijeriya.

To, amma sanin illa daban, shirin bari daban. A 1983 waɗansu masana biyu na Amurka, Prochaska da DiClemente, sun bi diddigin masu shan taba, suka ga ba a barin hali dare ɗaya. Da fari mutum bai ga laifin abin ba, sa'an nan ya shiga tunani, sa'an nan ya bari, daga baya ya yi ta fama da riƙe kansa. Ke a ina kike? Ki zauna ke kaɗai ki amsa tambayoyi huɗu.

Ta fari, don wa za ki bari? In don faɗan uwarki ne ko na malamar makaranta, ran da suka kau da ido za ki koma.

Ta biyu, me man yake ba ki? In tsoron kishiya ne ya sa ki, ko son a yaba ki a gidan biki, ki sani wannan tsoro yana nan bayan kin jefar da kwalba. Sai kin san yadda za ki yi da shi.

Ta uku ita ce mai wuya. Fatarki za ta koma launinta, wataƙila ma ta yi dabbare-dabbare na watanni. Maƙwabciya za ta ce, "Wance, jinya kika yi ne?" Kin tanadi amsar da za ki ba ta, ko kuwa kunya za ta mai da ke kanti?

Ta huɗu, kin sa rana? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki gaya wa aminiya guda, ki tanadi man kaɗanya, ki rage shiga rana. Ki ɗauki kwalbarki ki kai asibiti, domin in akwai sitiroyid a ciki, yankewa farat ɗaya takan kawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Likita zai nuna miki yadda za ki janye.

In kin amsa biyu kika kasa biyu, kada ki yi rantsuwar da za ki karya. Ki gyara inda kika gaza, ki sake tambayar kanki bayan mako guda. In kin bari kika koma, ki duba abin da ya kayar da ke, ki sake tashi.

Amma mai juna biyu da mai shayarwa ba su da damar jira, gama zaiba tana kaiwa ga jariri; su nufi asibiti a makon nan. Wadda kuwa take shafa wa 'yarta, lalle ta daina yau.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.