Ƙiba Mai Tsanani Ciwo Ce, Kada Mu Kushe Wa Mai Neman Magani

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina roƙo ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana wadda muka saba mayarwa abin dariya, alhali kuwa tana cin rayuka.

A ƙasarmu in mutum ya daɗe a tafiya ya komo ya yi jiki, sai a ce masa, "Kai, lalle ka sami wuri!" Amarya kuwa in ta shekara ba ta cika ido ba, dangi su soma tsegumi ko mijin ba ya ciyad da ita. Har akwai ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe," waɗanda wasu 'yan mata ke sha don su yi ƙiba. Amma ranar da ƙibar ta wuce kima, bakin da ya yi yabo shi ne ke komawa yana ba'a. In kuma aka ji mai ƙibar ya tafi asibiti an yi masa fiɗa an rage masa tumbi, sai a ce rago ne, ya kasa kame bakinsa. Ni dai a ganina wannan hukunci zalunci ne. Ƙiba mai tsanani ciwo ce, fiɗar nan kuwa magani ce kamar sauran magunguna, tana da amfaninta, tana da haɗarinta.

Da fari bari mu san wace ƙiba ake nufi. Likitoci suna da wani awo wanda ɗan aji shida ma zai iya lissafa shi. A auna tsawon mutum da mita, a ninka tsawon da kansa, sa'an nan a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Misali, mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 120, amsarsa 41 da ɗoriya. In amsa ta kai 30, an shiga ƙiba. In ta kai 40, ta yi tsanani ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana da ƙiba. Ita kuwa ba ta zuwa ita kaɗai, takan jawo ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon gwiwa, da sarƙewar numfashi cikin barci.

Wani zai ce, "To, ya rage ci mana, ya riƙa motsa jiki." Shawara ce mai kyau, kuma da ita ake farawa. Sai dai jikin ɗan Adam yana da gardama. In mai ƙiba ƙwarai ya rage ci ya soma ramewa, sai jikin ya ɗauka yunwa ce ta faɗo wa gari, ya ƙara masa jin yunwa, ya kuma rage ƙona abincin da ya samu. Shi ya sa da yawa sukan rame wata shida, bayan shekara biyu nauyin ya komo. Wanda bai taɓa wannan kokawa ba, bai kamata ya yi saurin kiran wani rago ba.

Asalin aikin kuwa, wani likita ne a Jami'ar Iowa ta Amurka, Edward Mason, ya lura waɗanda aka yanke wa wani sashe na tumbi saboda gyambon ciki ba su cika yin ƙiba ba. A 1966 ya soma yi wa masu ƙiba irin wannan aiki. Yau iri biyu aka fi yi. Na ɗaya, a keɓe ɗan aljihu kamar girman ƙwai a saman tumbi, a haɗa shi da ƙaramin hanji, watau abinci ya tsallake sauran tumbin. Na biyu, a cire wajen kashi 80 cikin 100 na tumbin, abin da ya rage ya zama siriri kamar ayaba. Sashen da ake cirewa shi ne ya fi fid da sinadarin da ke sa mutum jin yunwa, saboda haka marmarin abinci ma yakan ragu. Galibi yanzu ba a tsaga ciki, 'yan ƙananan ƙofofi ake hudawa a zura kayan aiki da madubi.

Ko yana da amfani? A ƙasar Suwidin an soma wani bincike a 1987 da masu ƙiba wajen 4,000, rabi an yi musu fiɗa, rabi an bi da su ta hanyar da aka saba. Da aka ba da sakamako a 2007, bayan an bi su kamar shekara 11, mutum 101 ne suka rasu cikin waɗanda aka yi wa aiki, cikin sauran kuwa 129. Da yawa kuma ciwon sukarinsu ya lafa. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka ce wanda awonsa ya kai 35 ya cancanci a duba yi masa aikin.

Na san abin da ke ran wasunku. Za ku tuna da Stella Obasanjo, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, wadda ta rasu a Sifen cikin Oktoba 2005 bayan an yi mata aiki, har kotu ta kama likitan da laifin sakaci a 2009. Abin baƙin ciki ne. Amma nata aikin zuƙe kitse ne daga ƙarƙashin fata don gyaran sura, dabam yake da wanda nake magana a kai. Darasin da ke ciki shi ne, kowace fiɗa tana bukatar ƙwararren hannu da asibitin da zai lura da mutum bayan an gama.

Kada kuma wani ya zaci an yi aiki an huta ke nan. Wanda aka yi wa zai yi makonni yana shan abu mai ruwa-ruwa kafin ya koma ga tuwo, tuwon ma 'yar loma kaɗan. Zai sha ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini muddin ransa, gama cikinsa ba ya tsotse su daga abinci kamar dā. Mace kuwa akan ce ta dakata da ɗaukar ciki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Nauyin ma yana iya komowa. Diego Maradona, wanda wasansa na ƙarshe a gasar cin kofin duniya da Nijeriya ya buga shi a 1994, an yi masa aikin a Kolombiya a 2005, ya rame sarai, amma sai da aka sake yi masa a 2015. Mai wannan ɗawainiya duka, ina ragwancinsa?

Sauran magana ita ce kuɗi. Ana yin aikin a wasu asibitocin kuɗi a Legas da Abuja, amma miliyoyin naira ake biya, a ƙasar da aka yanke mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024. Malamin firamare ba zai ko yi mafarkinsa ba. Don haka ga yawancinmu a Filato rigakafi ya fi magani, kuma Allah ya hore mana kayan rigakafin. Ga acca, ga gwate, ga kabeji da karas da koren wake jibge a kasuwar Farin Gada. Iyayenmu da suka haƙi kuza, suka hau duwatsu da kaya a ka, ba su san lemon kwalba a kowane cin abinci ba. Mu ne muka koma hawan keke napep daga Taminus zuwa inda ƙafa za ta kai mu cikin minti goma.

To, mu da za mu riƙe alli gobe, mene ne namu? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada mu mai da lokacin wasannin motsa jiki lokacin sharar fili ko kwafar rubutu. Mu koya wa yara wannan awo a darasin lissafi. Mu hana a laƙaba wa yaro mai jiki sunan ba'a, mu kanmu kada mu fara, gama yaron da aka yi wa dariya a fili ba ya sake fitowa gudu. In kuma muna da ɗan'uwa wanda ƙiba ta hana shi hawan bene ko barcin kirki, mu raka shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko na Jankwano, a auna jininsa da sukarinsa, likita ya faɗa masa abin da ya dace da shi. In shawarar ta kai ga fiɗa, kuma yana da hali, mu yi masa addu'a, mu je gaishe shi kamar yadda muke gaida kowane majinyaci.

Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.